Ruwan Tanka a Sakkwato: Sharhi kan Aikin Wani Kamfani da Fadamar da Yake Ɗiba

Duk wanda ya gina gida a sababbin unguwannin da ke bayan birnin Sakkwato, inda gine-gine suka riga bututun famfo isa, ya san cewa kuɗin ruwa suna cikin manyan lissafin magidanci, ba su da nisa da kuɗin hatsi. Hanyoyin da suka rage wa mutum a irin waɗannan wurare ba su da yawa. Ko dai ya haƙa burtsatse idan yana da ƙarfi kuma ƙasar wurin ta ba da ruwa, ko ya dogara ga 'yan garuwa da kurarsu ta jarkoki, ko kuwa ya sayi tankin roba ya riƙa kiran tanka tana cika masa. Gidana yana cikin masu kiran tanka, kuma wannan sharhi a kan kamfanin da ke kawo mana ruwa ne. Na sakaya sunansa domin abin da ya fi damuna game da aikinsa bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, ya shafi yadda sana'ar take tafiya gaba ɗaya.

Ta fuskar cika alkawari, kamfanin ya cancanci yabo. Ana kiran waya ne a faɗi unguwa da girman tanki, su kuma su yanka wa mutum lokaci, kuma daga damina har zuwa ƙarshen hunturu da wuya su saɓa lokacin da suka yanka. Matsalar tana farawa ne daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, rijiyoyin gidaje su ja baya, kowa ya koma neman tanka a lokaci guda. A wannan tsakani wanda aka ce masa safe yana iya ganin mota bayan isha'i, wani lokaci ma sai washegari. Abin da ya sa ban riƙe su da wannan ba shi ne, mai karɓar wayarsu yana faɗa wa mutum gaskiya cewa layi ya yi tsawo, ba ya barin mutum yana jiran motar da ba ta taso ba. Shawarata ga mai hulɗa da su a bazara ita ce ya kira tun tankinsa yana da saura, kada ya bari sai ya ga ƙasansa.

Farashinsu tsaka-tsaki ne, yana hawa da sauka gwargwadon kuɗin man gas da nisan unguwa, kuma idan aka auna lita da lita ya fi sayen jarkoki sauƙi nesa ba kusa ba. Motarsu ta lita 10,000 ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a kowace rana domin sha da girki da wanka da tsafta, don haka gida mai mutum 10 da ke tsimi, yana tsayawa a kan lita 50, zai ci kwana 20 da mota guda. Awonsu cikakke ne. Mai tankin da ba zai ɗauke mota sukutum ba yana iya haɗa kuɗi da maƙwabcinsa su raba, kuma direbobin ba sa ƙorafi a kan jan tiyo zuwa gida na biyu. Yaran motar suna da ladabi, suna sallama su jira a ba su izini kafin su shiga gida, abin da duk mai iyali a garin nan ya san muhimmancinsa.

Shi kansa ruwan garau yake a ido, ba shi da wari, kuma yana kumfa da sabulu fiye da ruwan wasu burtsatse na cikin gari da ke barin farin dutse a gindin buta. Sai dai idan ya kwana biyu a tanki akan ga ɗan laka mai laushi ya kwanta a ƙasa, musamman a ƙarshen rani. Inda suka gaza a nan shi ne ba su da wata takardar gwaji da za su nuna wa mai saye, ba su kuma faɗin yaushe suka wanke cikin tankar motar, ko suna zuba kulorin ko ba su zubawa. Ruwa yana iya zama garau amma yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, balle wanda aka zuƙo daga ƙasa mara zurfi kusa da gonakin da ake zuba wa taki da maganin feshi. A gidana wanka da wanki da wanke-wanke ake yi da shi kai tsaye, na sha kuwa sai an tafasa. Ba zan ba kowa shawarar ya shayar da ƙananan yara shi yadda aka kawo shi ba.

Da a nan sharhin zai tsaya, da sai in ce aikinsu ya yi kyau in yi shiru. To amma ruwa ba haja ba ce da ake ƙerawa a masana'anta. Duk litar da ta shiga tankina daga wani wuri aka ɗebo ta, kuma a wurin akwai mutane. Lokacin da na tambayi ofishinsu inda suke ɗiba, amsar da na samu ita ce suna da rijiyoyinsu a bakin gulbi, ba su ƙara komai a kai ba. Cikakken bayani a wurin kawuna na same shi, wanda ke noman rani a wani ƙauye da ke gefen fadamar Rima, domin ashe filin da kamfanin ya saya ya kafa injinansa yana maƙwabtaka da gonakinsu, kuma mutanen ƙauyen sun daɗe suna kai kuka gaban hakiminsu a kan lamarin.

Sai mutum ya san yadda ruwan fadama yake kafin ya fahimci kukan nasu. Ruwan sama a Sakkwato na 'yan watanni ne, daga Yuni zuwa Satumba. A lokacin ne gulbi ke cika ya malala, ruwa ya nutse cikin yashin da ke ƙarƙashin fadama ya taru kusa da sama, kuma wannan ajiya ce manomin albasa da tumatur da tattasai da shinkafa ke ci har damina ta zagayo. Da can da jigo ake ban-ruwa. Tun daga shirin bunƙasa fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, ƙananan rijiyoyin bututu da injin fetur suka game ko'ina, noman rani ya faɗaɗa ƙwarai. Amma shi wannan injin da ake ajiyewa a bakin rijiya yana da iyaka, ba ya iya janyo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Idan ruwan ƙasa ya sauka ƙasa da haka, manomi ba shi da zaɓi sai ya haƙa rami ya saukar da injin ciki, ya ƙara tiyo, ya ƙara fetur, in kuma abin ya faskara ya zuba wa albasarsa ido tana ƙonewa ana saura 'yan makonni a cire ta. Injinan kamfanin kuwa irin waɗanda ake zurawa cikin rijiya ne, suna bin ruwa duk inda ya sauka.

Kamfanin yana da hujja, kuma adalci ne a kawo ta yadda take, domin ba hujjar banza ba ce. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa albasa tana shan ruwa milimita 350 zuwa 550 daga dashe zuwa cirewa, wato lita miliyan 3.5 zuwa miliyan 5.5 a kowace hekta. Idan aka raba wannan da lita 10,000, za a ga hekta ɗaya ta albasa tana shanye abin da zai cika tanka 350 zuwa 550. Da wannan awo, abin da motocin kamfani ke kwashewa kaɗan ne a kan abin da manoman kansu ke zuƙa, kuma ruwan tanka mutane ne ke wanka da alwala da shi a cikin birni, ba zubarwa ake yi ba. Na yarda da wannan lissafi. Inda ban yarda da kamfanin ba shi ne yadda yake ɗaukar lissafin a matsayin abin da ya rufe magana.

Manoma suna warwatse ne a faɗin fadama, kowa yana tayar da injinsa 'yan sa'o'i ya kashe, kuma wani kaso na ruwan da ya zuba a fangali yana sake nutsewa ya koma inda ya fito. Kamfani kuwa a wuri ɗaya yake zuƙa, tun asuba har dare, kuma ɗigo ɗaya ba ya komawa. Duk rijiyar da ake zuƙa da ƙarfi, ruwan ƙasa yana lotsawa a kewayenta, kamar yadda gero ke lotsawa a tsakiyar buhu idan an huda shi ta ƙasa, kuma waɗanda ke cikin wannan lotsawa su ne ke fara rasa ruwa ko da sauran fadamar tana ƙalau. Sannan lokacin da buƙatar birni ta fi tsanani, wato bazara, shi ne daidai lokacin da ajiyar fadama ta fi yin ƙasa. Abin da kawuna ya fi nanatawa ma ba gona ba ce, rijiyar sha ta ƙauyen ce, wadda mata kan jira ta tara ruwa a bazara alhali motoci cike suna wucewa ta gabansu suna tayar musu da ƙura, suna kuma farfasa hanyar da jakuna da amalanke ke bi da buhunan albasa. Babu wanda ya zauna da su kafin a kafa injin farko. An sayi fili a hannun mai shi, aka ɗauka an sayi ruwan da ke ƙarƙashin gonakin kowa.

Irin wannan rigima ba a Sakkwato aka fara ta ba, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka shahara tana jihar Kalifoniya ta Amurka. A can kogin Sacramento da kogin San Joaquin suna haɗuwa su rarrabu zuwa rassa da tsibirai masu albarkar noma kafin su faɗa mashigin tekun San Francisco, yankin da ake kira Delta. Daga kudancin yankin, kusa da garin Tracy, manyan injinan gwamnatin jiha da na tarayya ke zuƙar ruwa suna turawa kudu, zuwa manyan gonaki da birane irin su Los Angeles, kuma tsarin jihar kaɗai yana kai ruwa ga mutane kimanin miliyan 27. A shekarar 1982 masu zaɓe suka yi watsi da shirin haƙa wata babbar magudana da za ta ɗebi ruwan Sacramento ta zagaye Delta da shi. Gwamna Jerry Brown, wanda a zamaninsa aka kayar da wancan shiri, ya dawo da shi a mulkinsa na baya da siffar manyan ramuka biyu a ƙarƙashin ƙasa. Gwamna Gavin Newsom ya mayar da su rami ɗaya a 2019, mai tsawon kusan kilomita 72, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a 2024 da kimanin dala biliyan 20. Gwamnati tana cewa girgizar ƙasa da hauhawar teku suna iya karya shingayen da ke kare Delta su gurɓata ruwan miliyoyin mutane, don haka ramin kariya ne. Mazauna yankin, da ƙananan hukumominsa biyar, da ƙungiyar Restore the Delta da ke birnin Stockton, da masunta da ƙabilun asali, suna cewa ruwan daɗin da ke ratsa Delta shi ne ke tokare ruwan gishirin teku, idan aka kwashe shi tun daga sama gishiri zai kutso gonakinsu, kifi ya ƙare. Sama da shekara 40 ke nan ana wannan ja-in-ja a kotuna da rumfunan zaɓe.

Ba ina kwatanta motocin tanka da aikin dala biliyan 20 ba ne. Abin da ya ja hankalina shi ne, a can ma masu ɗiba da jimilla suke magana, su ce kason da za a ɗauka kaɗan ne, mazauna wurin kuma su amsa da tambayar daga ina za a ɗauka, a wane wata, kuma wa zai riƙe makullin injin a shekarar fari. Bambancin shi ne su mutanen Kalifoniya suna da na'urorin awo a kan kogunan, da bayanan da ake wallafawa, da zaman jin bahasi, don haka gardamarsu a kan alƙaluma take. Mutanen ƙauyen kawuna ba su da abin nunawa sai tsawon igiyar gugarsu.

Mu ma a ƙasar nan mun san abin da ke biyo baya idan aka taɓa ruwan gulbi ba tare da shawarar masu zama a bakinsa ba. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, kusa da Talata Mafara, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. A watan Afrilu na 1980 manoman da suka rasa gonakinsu suka tare hanyoyin aikin suna neman diyya, aka tura musu 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa. Waɗanda ke ƙasa da madatsar kuma sun ga ambaliyar shekara-shekara da ke shayar da fadamarsu ta ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942, ita ce jigon ruwan shan birnin Sakkwato da na noman rani a kwarin Rima, amma a 2018 ruwanta ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100, shekara 8 kacal bayan ambaliyar 2010 da ta karya gadar da ke kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Gulbin da ke yin irin wannan sauyi tsakanin cika da ƙafewa ba a ɗibar ruwan gefensa da ka. Saboda haka idan manomin fadama ya ga sabon inji ya tayar da hankalinsa, yana da dalilin da ya gada.

Na tattauna da wani malami a unguwarmu a kan ko sayar da ruwa irin wannan ya halatta, ya tunatar da ni hadisin da ya ce mutane suna tarayya a cikin abubuwa uku, ruwa da ciyawa da wuta, da kuma hanin da aka yi a kan hana rarar ruwa. Ya ce malamai sun halatta wa mutum ya sayar da ruwan da ya wahala ya ɗebo ya zuba a mazubinsa, kamar yadda ɗan garuwa ke yi, amma ƙa'idar da ta hana cuta da cutarwa tana nan a kansa idan ɗibar tasa tana ƙafar da rijiyar maƙwabci. A fahimtata kasuwancin kamfanin halal ne, gyaran da ake nema a yanayin ɗibar yake.

Gyaran kuwa bai fi ƙarfinsu ba. Ƙarƙashin ƙasar Sakkwato akwai shimfiɗun ruwa masu zurfi, ɓangare na babban kwarin Iullemeden da Najeriya ke tarayya da Nijar da Mali a kansa, kuma kamfanin da ke da jarin sayen motoci yana iya haƙa rijiya mai zurfi da aka toshe samanta da siminti, yadda ba za ta zuƙi ruwan saman da manoma ke amfani da shi ba. Hakan ya fi tsada, kuma ruwan zurfi a wasu wurare yana da sinadarin ƙarfe da sai an tace, amma ni a shirye nake in biya ƙarin da zai biyo baya. Kafin a kai ga haka, suna iya sanya mita mai auna ruwan da ake zuƙa a kan injinansu, su ware rijiya ɗaya ta awo wadda wakilin kamfani da sarkin noman ƙauyen za su riƙa dubawa tare kowane mako, a kuma rubuta yarjejeniya gaban hakimi cewa idan ruwa ya sauka zuwa wani zurfi da aka amince da shi, za a rage sa'o'in zuƙa ko a mayar da su dare bayan manoma sun gama. Famfo guda a bakin filinsu domin matan ƙauyen, da zuba tsakuwa a hanyar da motocinsu suka lalata, ba za su taɓa ribarsu ba. Sai kuma takardar gwajin ruwa da za a liƙa a ofis, wadda mu masu saye muke da haƙƙin gani.

Ga mai tambaya ko ya yi hulɗa da su, amsata ita ce daga damina zuwa hunturu ya yi ba tare da ɗar ba, domin awonsu cikakke ne, farashinsu daidai ne, ma'aikatansu masu mutunci ne, kuma a lokacin fadama tana da rara, sai dai ya tafasa na sha. A bazara kuwa ni na rage kiransu, na koma sayen wani kaso daga mai burtsatse mai zurfi a cikin gari duk da ruwansa bai kai nasu laushi ba, kuma na faɗa wa ofishinsu dalilina baki da baki. Sun saurare ni cikin girmamawa, sun ce za su zauna da mutanen ƙauyen kafin dashen albasa mai zuwa. Idan zaman ya tabbata kuma aka sanya mita, zan mayar da cinikina gaba ɗaya wurinsu. Ina roƙon sauran masu sayen ruwan tanka a Sakkwato, ko daga wane kamfani ne, su riƙa tambayar direba sunan wurin da ya ɗebo ruwan da zurfin rijiyar kafin ya kwance tiyo.